Kana sha'awar ƙaramin jirgin sama na kanka? Ga matakan, ga kuma abin da za su ci

Akwai ranar da duk wanda ya koyi tuƙin jirgi ba ya mantawa da ita. Kun yi ta zagaya fili kai da malaminka, ku tashi ku sauka, ku tashi ku sauka, sai kawai ya ce ka tsaya a gefe. Ya kwance bel, ya buɗe ƙofa, ya ce, "Je ka zagayo sau ɗaya, ina nan ina kallonka." Ka tura totur, jirgin ya ɗaga da wuri fiye da yadda ka saba domin nauyin mutum guda ya ragu, ka waiga dama ka ga kujera wayam. Duka-duka bai fi minti bakwai ba. Daga ranar ne mutane da yawa ke fara lissafin mallakar jirgi, kuma daga nan lissafin ke karkacewa, domin kuɗin saye suke kallo, alhali shi ne kuɗin da ake biya sau ɗaya a huta. Sauran kuwa kullum suna nan.

A wannan harka da awa ake auna komai: karatu, haya, mai, rayuwar inji, har gwanintar matuƙi. Wanda ya iya lissafin awa zai ji daɗin jirgi. Wanda bai iya ba, jirgin zai zauna a rumfa yana cin kuɗinsa yana tsatsa.

Mataki na farko: ka hau tukuna

Kusan kowace makarantar tuƙi tana da darasin gwaji na rabin awa ko awa ɗaya. Za a zaunar da kai a kujerar hagu, wadda ita ce ta matuƙi, malami yana dama, idan an daidaita a sama a sakar maka sitiyari. Ka je ka yi wannan kafin ka sayi ko littafi ɗaya. Ƙaramin jirgi ba kamar na fasinja ba ne: ƙara gare shi, ciki a matse, kafaɗarka tana gogar ta malami, kuma da rana tsaka idan ƙasa ta ɗauki zafi iska takan yi ta jijjiga shi kamar mota a kan gargada. Wasu suna sauka da murmushi har kunne, wasu da jakar amai a hannu. Tashin zuciya a hawan farko ba ya nufin ba za ka iya ba, yakan wuce da sabo. Ka nemi a ba ka lokacin safe, iska ta fi kwanciya.

Na biyu: likita kafin makaranta

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Ba kowane likita ke yin gwajin ba, sai wanda hukumar jiragen sama ta ƙasarka ta amince da shi. Zai duba ido, kunne, zuciya, hawan jini da fitsari. Tabarau ba ya hana mutum tuƙi. Rashin bambance launuka yakan jawo a hana ka tashin dare. Farfaɗiya, wasu cututtukan zuciya da wasu magunguna kuwa suna iya tsayar da maganar gaba ɗaya. A Amurka da Turai takardar wanda bai kai shekara 40 ba tana kai shekara biyar, daga nan wa'adin ya riƙa raguwa. Gara ka ji hukuncin likita tun aljihunka bai yi ciwo ba.

Na uku: lasisi

Lasisin da kake nema shi ne na matuƙi mai zaman kansa, wanda ke ba ka damar ɗaukar iyali da abokai amma ba don a biya ka ba. Dokar Amurka ta sa awa 40 a matsayin mafi ƙaranci, ta Turai awa 45, kuma a duka biyun dole awa 10 daga ciki ka yi su kai kaɗai. Ana barin ɗalibi ya tashi shi kaɗai daga shekara 16, a ba shi lasisi daga 17. Akwai kuma doguwar tafiya ta kimanin kilomita 270 da za ka yi ba malami, ka sauka a wasu filaye ka dawo gida.

Waɗannan lambobi na takarda ne. Yawancin ɗalibai sai sun kai awa sittin ko saba'in kafin su shirya wa jarrabawa, don haka da wannan za ka yi kasafi. Abin da ke raba mai gamawa da wuri da mai jan ƙafa ba basira ba ce, yawan zuwa ne. Mai tashi sau biyu ko uku a mako yana ɗorawa ne a kan darasin jiya. Mai zuwa sau biyu a wata rabin kowane darasi a tuna baya yake tafiya, kuma kuɗin awar ɗaya ne. Shi ya sa nake ba da shawarar ka tara kuɗin karatun tukuna, sannan ka fara, ka yi shi a jere. Amma tarawa daban, miƙa wa makaranta gaba ɗaya daban. Makarantun tuƙi suna rufewa kamar kowace sana'a, kuma wanda ya biya kuɗin awa hamsin a gaba shi ne ke tsayawa a bakin ƙofa da rasit a hannu. Ka riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Karatun aji yana da yawa: dokar sama, yanayi, taswira da lissafin hanya, yadda fiffike ke ɗaukar jirgi, yadda inji ke aiki, iyakar jikin ɗan Adam, da maganar rediyo. Na yanayi ne ya fi cancantar ka ba shi dare da rana. Sauran za su sa ka ci jarrabawa, shi kuwa ranka yake tsarewa.

Malami ya fi jirgi muhimmanci. Idan kun yi awa biyar ka ga tsoron tambayarsa kake ji, ka nemi a sauya maka. Ba rashin kunya ba ne.

Na huɗu: shekara guda kana haya, kana rubutawa

A nan ne zumuɗi ke kayar da mutane. Lasisi ya zo hannu, sai a fara bin tallan jirage da tsakar dare. Ka dakata. Ka shiga kulob ɗin matuƙa ko ka ci gaba da haya a makarantarka har shekara ta zagayo, kana rubuta abu huɗu bayan kowane tashi: awa nawa ka yi, ina ka je, mutum nawa ka ɗauka, sau nawa kuma ka so tashi ka tarar wani ya riga ka ɗaukar jirgin.

Ƙarshen shekara takardar za ta faɗa maka gaskiyar da zuciyarka ba ta so. A mafarki kana ɗaukar iyali gaba ɗaya kuna ƙetara ƙasashe. A takarda sai ka ga mafi yawan tashinka awa ɗaya ne, kai kaɗai ko da aboki guda, kuma duk shekarar ba ka wuce awa talatin ko arba'in ba. Babu laifi a cikin wannan, haka mafi yawan masu tuƙin nishaɗi suke. Laifin shi ne ka sayi jirgin mafarkin maimakon jirgin takardar.

Kuma a wannan shekara ce za ka ɗanɗani abin da ya sa ake wannan wahala. Ka tashi da sanyin safiya iska lumui, ka hau ƙafa dubu uku, ka saki sitiyari jirgin ya tsaya cak kamar an ɗora shi a kan tebur. Kogin da ka sani a matsayin gada ɗaya sai ka gan shi tun daga inda ya taso yana lanƙwasa. Jirgin fasinja yana can ƙafa dubu talatin da wani abu, ba ka ganin komai sai gajimare. Kai kuwa a inda kake kana iya ƙirga shanu. Waya ba ta shiga, tunanin bashi ba ya shiga, domin hannu da ƙafa da ido da kunne duk suna da aiki. Sannan ga saukar da ta yi kyau, wadda ba ka jin sa'ad da taya ta taɓa ƙasa sai wata 'yar ƙara "cit". Za ka yi sauka ashirin kafin ka sami irinta ɗaya, ita ce kuma za ta dawo da kai mako mai zuwa.

Na biyar: lissafi

Ka raba takarda gida biyu. Gida na farko kuɗin da za ka biya ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba: inshora, hayar rumfa ko wurin ɗaure shi a waje, binciken shekara-shekara da doka ta wajabta, sabunta takardu da taswirori, da biyan bashi idan da bashi ka saya. Gida na biyu kuɗin da ke tafiya da awa: fetur, baƙin mai, taya da birki, kuɗin sauka a filaye, da asusun inji.

Mu ɗauki jirgin Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. Yana gudun kimanin kilomita 220 a awa, yana shan lita talatin zuwa talatin da biyar. Fetur ɗinsa ba na mota ba ne, wani ne mai launin shuɗi da ake kira 100LL, ya fi na mota tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane fili ake samunsa ba. Kafin ka sayi jirgi ka tabbatar akwai shi a inda za ka ajiye jirgin da inda kake yawan zuwa. Baƙin mai kuwa ana sauya shi duk awa 50 ko duk wata huɗu, wanda ya riga zuwa.

Asusun inji shi ne abin da sababbin masu jirgi ke mantawa. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injin wannan jirgi, ya ba da shawarar a yi masa garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12. Garambawul ɗin nan ba wasa ba ne, a tsohon jirgi yana iya lashe kaso mai tsoka na darajar jirgin kansa. Ka tambayi kuɗinsa, ka raba da awoyin da suka rage wa injin, abin da ya fito ka riƙa zuba shi a wani asusu daban duk awar da ka tashi. Wanda bai yi haka ba, ranar da makanike zai kira shi ya ce inji ya gaji, ranar jirgin zai zama kayan ado.

Yanzu ga inda asirin yake. A ce gida na farko ya kama dubu ɗaya a shekara, ko da wane irin kuɗi ne. Idan ka tashi awa ɗari, kowace awa ta ɗauki goma. Idan awa ashirin da biyar kawai ka yi, kowace ta ɗauki arba'in, tun ba a zuba lita ɗaya ba. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ke cewa idan ba ka kusa da awa ɗari a shekara, haya ta fi maka sauƙi. Ka ɗauko takardar shekararka ka gwada.

Idan lissafin bai fita ba, akwai hanyar tsakiya, kuma ita na fi so: ku haɗu mutum uku ko huɗu ku sayi jirgi ɗaya. Gida na farko ya rabu uku ko huɗu, jirgin kuma yana tashi a kai a kai, abin da inji ke so ke nan. Sai dai ku rubuta komai tun kuna dariya da juna: yadda ake kama rana, wanda zai biya idan wani ya fasa taya ko ya buga farfela a ƙasa, nawa ake zubawa asusu kowace awa, da yadda mutum zai sayar da kasonsa in ya gaji. Zaɓen abokan ya fi zaɓen jirgin wuya.

Wani kuma zai duba lissafin, ya ga haya ta fi sauƙi, ya saya duk da haka, domin yana son ya tarar da kujera yadda ya bar ta, ya san kowace ƙarar injinsa, ya tafi kwana uku ba wanda ke jiransa ya dawo da mabuɗi. Wannan ma hujja ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na shida: wane jirgi?

Kada yawan kujeru ya ruɗe ka. Sabon samfurin 172 yana da kujera huɗu, amma duk abin da zai iya ɗauka, mutane da kaya da mai, kimanin kilo 400 ne. Cikakken tanki lita 200 ne, kowace lita tana da nauyin kilo 0.72, wato kilo 144 sun tafi. Saura kusan 255. Manya uku ke nan ba jaka. Idan ku huɗu ne sai an rage mai, tafiya ta gajarce. Ranar zafi kuma, ko a filin da ke kan tudu, iska ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfi, fiffike ba ya kamawa da wuri, sai ka ga titi yana ƙarewa jirgi bai ɗaga ba.

Idan takardarka ta nuna ku biyu ne kullum, Cessna 152 mai kujera biyu ya ishe ka, ko ɗaya daga cikin ƙananan jirage na zamani masu injin Rotax 912, wanda ke shan kusan rabin man 172 kuma yana karɓar fetur ɗin mota mai kyau. Piper Cherokee shi ne abokin hamayyar 172, fiffikensa a ƙasa yake maimakon sama, kuma gardamar wanne ya fi ba ta ƙarewa a tsakanin matuƙa. Jirgin Cirrus kuwa yana da laimar da ke sauko da shi ɗungurungum idan abu ya ɓaci, amma ita kanta laimar duk shekara goma sai an sake naɗe ta, da kuɗi mai yawa.

Ni dai shawarata ga mai sayen farko: jirgi mai taya a kafe, farfela wadda ba a sauya karkatar fukafukanta, irin wanda kowane makanike ya sani kuma kayan gyaransa suke ko'ina. Taya mai naɗewa tana ƙara gudu, tana kuma ƙara inshora da gyara, ga haɗarin ka manta ka sauka a kan ciki.

Na bakwai: kada ka yi cinikin biri a sama

Mafi yawan ƙananan jiragen da ke kasuwa an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970. Tsufan ba shi ne matsala ba, yadda aka riƙe su ne. Ka ɗauko makanikenka, ba wanda ya saba gyara wa mai jirgin ba, ka biya shi ya yi binciken kafin saye.

Ya fara da littattafai. Jiki, inji da farfela kowanne da littafin tarihinsa, inda ake rubuta duk awa da duk gyara. Shafin da ya ɓata ko shekarun da babu rubutu suna karya darajar jirgi, kuma da dalili. Ya duba ko an cika duk umarnin gyara na dole da hukuma ta fitar a kan irin wannan jirgi. Sannan ya buɗe ƙananan murafan da ke jikin fiffike da jela ya haska tocila, yana neman farin garin da ke nuna ƙarfen ya fara ci. Ya auna matsin kowace silinda, ya zura kyamara ta ramin filogi, ya yanka matatar baƙin mai ya baza takardarta a rana.

Wannan na ƙarshe da kuɗina na koye shi. Mun taɓa haɗuwa mu uku a kan wani jirgi da tallansa ke alfahari da cewa injin bai yi ko awa ɗari bakwai ba. Abin da ba mu tsaya mun auna ba shi ne awoyin nan a shekara goma sha tara aka yi su, kuma shekaru huɗun ƙarshe kusan a ajiye yake. Fenti na sheƙi, kujeru sababbi, muka biya. A sauyin mai na biyu makanike ya kira mu, ya baza takardar matata a kan benci, ya wuce da maganaɗisu a kanta. Ƙananan ɓarɓashin ƙarfe suka miƙe tsaye kamar gashin mage. Danshi ya taru a cikin inji lokacin da yake zaune, tsatsa ta kama sandar da ke buɗe bawul-bawul, da muka fara tashi sai ta shiga cin kanta. Muka yi garambawul da asusun da ba komai a cikinsa. Injin da ya yi awa 1,500 yana tashi duk mako ya fi mai awa 700 da ya yi shekaru yana barci. Araha ba ta ado.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a bincika ko akwai bashi a kan jirgin, ka kuma karɓi farashin inshora a rubuce. Kamfanoni sukan sa wa sabon matuƙi sharaɗin wasu awoyi da malami a irin jirgin kafin su ba shi inshora.

Na takwas: riƙo

Binciken shekarar farko yakan zo da tsada, domin sabon makanike yana ganin abin da tsohon ya saba kau da kai a kansa. Ka ware masa kuɗi tun ranar saye. Ka nemi makaniken ya bar ka ka tsaya kusa kana kwance murafai, za ka san jirginka, kuɗin aiki kuma ya ragu.

Kai ma kana tsatsa idan ka zauna. A dokar Amurka da ta Turai, ba ka ɗaukar fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce, kuma duk shekara biyu sai ka sake hawa da malami. Wannan mafi ƙaranci ne kawai. Wanda ya yi wata biyu bai tashi ba da kansa zai ji hannunsa ya yi nauyi a sauka.

Haɗarin da mallaka ke kawowa wani iri ne. Jirgi naka ne, an shirya tafiya, mutane suna jira a can, sai hazo ya sauko. Lasisinka na farko na tuƙi da ido ne, wato dole kana ganin ƙasa da inda sama ta haɗu da ita. Da zarar wannan layi ya ɓace, kunnen ciki yana fara yi wa mutum ƙarya, ya ji jirgi a daidai alhali yana karkata yana gangarawa. Abin da ya halaka John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan a watan Yulin 1999, cikin dare mai hazo a kan teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, a jirginsa Piper Saratoga, tare da matarsa da 'yar'uwarta. Jirgin lafiya lau yake. Ka rubuta wa kanka iyaka tun kana zaune a ɗaki: nisan gani kaza, iskar gefe kaza, man da zai rage a tanki bayan sauka kaza. Dokar Amurka rarar minti 30 ta nema da rana, 45 da dare. Ni awa guda nake bari. Ranar da yanayi ya ƙetare abin da ka rubuta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka gaya wa fasinjojinka tun farko cewa tafiya da ƙaramin jirgi ana iya fasa ta a bakin titi.

Kuma duk saurin da kake yi, ka zagaya jirgin da ƙafa kafin ka shiga. Ka hau ka buɗe tanki ka ga man da idonka, kada ka dogara da agogonsa. Ka tatsi kaɗan daga ƙasan kowane fiffike a cikin ɗan kofi mai haske ka ɗaga shi sama: shuɗi ne tas, ko akwai ɗigon ruwa kwance a gindi kamar ƙwayar gilashi? Idan akwai, ka zubar ka sake tatsa har ya washe. Ka shafa bakin farfela da yatsa ko tsakuwa ta ɓantare shi. Ka leƙa hancin inji, tsuntsaye suna iya gina sheƙa a ciki cikin kwana ɗaya.

Bayan ka sauka, ka kashe inji, ka sa katako a gaban taya, ka ɗaure fiffike. Kafin ka bar filin ka buɗe littafi ka rubuta awa ɗaya da minti goma sha biyu, ka ciro waya ka tura kuɗin awa ɗaya da minti goma sha biyu cikin asusun inji.